Gauraka a Tsakar Gidanmu

Assalamu alaikum masu bibiyata. Yau ku yi haƙuri, ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Raina a ɓace yake, kuma wanda ya ɓata min shi har yanzu gani yake abin kirki ya yi min.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ummussalma, haifaffiyar Haɗejiya, ina karatu a jami'a. Da aka ba mu dogon hutun damina, ƙawayena suka koma gida suna lalle da barcin rana, ni kuwa na samu aikin wucin gadi a dajin Baturiya, tare da wata ƙungiya mai kula da tsuntsayen fadama. Da sassafe muke shiga kwalekwale mu duba inda tsuntsaye suka yi sheƙa, mu raka baƙi masu zuwa kallo, mu dawo sauro ya gama rabonsa da mu. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa jin an ɗauki mutum aiki don ya zauna yana kallon belbela ba. Duk zuwan da zan yi gida sai ta kama fuskata ta juya ta hagu da dama, ta ce na yi baƙi kamar gindin tukunya, wa zai kai kayan lefe gidan mai takalmin roba?

Mai kai lefen dai akwai shi, sunansa Abdulmannan. Kada wani ya ce dole aka yi min, ni na kawo shi gida da kaina. Yana da injin casar shinkafa a hanyar Auyo, ga fara'a, ga hannun kyauta. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ka ce ya yi kyau, shi a kunnensa cewa ka yi a kawo maka. Na taɓa yaba labulen wani shago muna wucewa, washegari sai ga labule a ƙunshe an aiko. A lokacin dariya na yi ta yi, har ina ba ƙawayena labari.

To a wannan daminar muka ga abin da Anti Jumai, shugabarmu a wajen aiki, ta ce ta yi shekaru rabonta da shi a fadamar nan. Gauraki biyu, mace da namiji, sun yi sheƙa a cikin ciyawa tsakiyar ruwa. Ranar da na fara ganinsu a madubin hangen nesa sai da na manta da numfashi. Dogayen ƙafafu, jiki baƙi, kumatu fari da ja, ga tukkun nan a ka kamar tsinken zinare. Ƙwai uku ne a sheƙar, kuma karɓa-karɓa suke yi, in ɗaya ya kwanta a kai sai ɗayan ya tafi kiwo. Ban san lokacin da na fara ƙaunarsu ba. Macen ta fi ƙanƙanta, tana ɗan karkata kai in tana kallon mutum, kamar tana tambayarsa me ya kawo shi.

Anti Jumai 'yar Jos ce, ba ta da tsawo amma muryarta tana kai wa tsallaken ruwa. Ta tara mu a gindin gabaruwa ta ce, "Ku saurare ni da kyau. Ba hoto a waya, ba labari a gida, ba labari a kasuwa. Masu kama tsuntsun nan su kai wa manya gidajensu sun fi ku kunne. Wanda ya buɗe baki, ni da shi ne."

Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na ce to.

Sai dai a kwanakin Abdulmannan ya sa ni gaba da ƙorafi. Waya ba ta kamawa a masaukinmu sai ka hau wani ɗan tudu, ina hawa kuwa sai saƙonninsa su yi ta shigowa a jere.

"Gimbiya, an manta da mu ke nan."

"Me ke cikin dajin nan ne da ya fi ni?"

"Ko dai akwai wani ne ban sani ba?"

Wannan na ƙarshen ne ya ƙona min rai. Na ce bari in rufe masa baki. Na tura masa hoto ɗaya tak, macen tana tsaye a bakin sheƙa, na rubuta, "Ga kishiyarka nan. Wallahi son da nake wa tsuntsuwar nan Allah kaɗai ya sani. Amma don Allah kada ka nuna wa kowa."

Ya amsa da cewa, "Har haka?"

Na ce, "Har fiye."

Ya ce, "To shi ke nan, an gama."

Ni ina ta murmushi, na ɗauka zancen kishi ne aka gama. Ban lura ba ashe a bayan hoton goribar nan mai karyayyen reshe ta fito, wadda duk masuncin yankin ko idonsa a rufe zai kai ka gindinta.

Ranar Alhamis muka fita kamar kullum. Tun kafin Malam Umara mai tuƙa mu ya karya kwana muka fara jin kukan. Ban taɓa jin irinsa ba. Namijin ne shi kaɗai a kan ƙwai, ya miƙe wuya sama yana kira, ya yi shiru ya saurara, ya sake kira. A wajen da suke kiwo ciyawa ta kwanta, ga sawun mutane a laka, ga guntun zaren tarko, ga gashi baƙi yana yawo a kan ruwa.

Anti Jumai ba ta yi ihu ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ta ɗauki zaren ta naɗe a yatsa ta ce, "Shi kaɗai ba zai iya ba. Yunwa za ta tashe shi, yana tashi guza ko hankaka su shanye ƙwan." Sannan ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar madubina. Ko a lokacin ban kawo Abdulmannan a raina ba, Allah shaida.

Da yamma na hau tudu, kiran Inna ya shigo. Muryarta fal murna.

"Ummu, gobe ki zo gida da wuri. Abin arziki ya same mu, unguwa kaf ta zo kallo."

"Inna mene ne?"

"An ce kada a faɗa miki. Ki zo dai, kuma ki sa kayan mutane, ban da wannan hijabin mai launin ƙasa."

Da safe na nemi izini na kama hanya, acaɓa zuwa bakin titi, mota zuwa gari. Ban canza kaya ba, da hijabin nawa da takalmin robana na tafi. Tun daga bakin layinmu na hango takalman mata a ƙofar gida kamar ana suna. Na kutsa ta zaure, na ɗaga labulen buhu.

Tana nan a tsakar gidanmu, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da igiyar shanya a jikin darbejiya. An zuba mata dawa a faifai, an ajiye ruwa a tsohon kwanon sha, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Tukkun nan nata ya yamutse, bakinta a buɗe tana haki. Matan maƙwabta sun kewaye ta, wata na ɗaukar hoto, wata na cewa a taɓa gashin kan a ji ko ƙarfe ne. Ta karkata kai ta kalle ni. Jakata ta faɗi ƙasa.

Inna ta taso, ta sha atamfarta ta zuwa biki, tana tafa hannu. "Ga mai ita nan! Kin ga abin da yaron nan ya yi? Gauraka fa, Ummu! Inda muka taɓa ganin wannan tun muna yara gidajen masu gari ne. An ce gidan da yake ma mugun abu ba ya shiga."

"Inna wa ya kawo ta?"

"Wa kuwa? Abdulmannan mana. Da kansa ya shigo da ita, Babanku ya karɓa da hannunsa, ya sa masa albarka har sau nawa."

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga matan sun ja baya. "Ku matsa! Ku matsa mata nake cewa! Ba kwa ganin tsoro zai kashe ta?"

Wata maƙwabciyarmu ta taɓe baki ta ce, "Ikon Allah. An yi wa yarinya gata tana zagin mutane. Daji dai bai yi ba."

Ina cikin ƙoƙarin kwance igiyar aka yi sallama a zaure. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Farar shadda ce a jikinsa ta sha guga, hula zanna ta zauna daidai, makullin mota yana kaɗawa a yatsa. Baba yana gefensa da babbar rigar Juma'a, fuska a sake. Na fito zauren ban ko gaishe su ba, kuma wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na yi wa Baba haka.

Abdulmannan ya yi murmushi ya ce, "Gimbiya, kin ga kishiyar tawa? Na ce tunda ta hana ni ganinki, gara in kawo ta gida kowa ya huta. Yanzu ba sai kin koma cikin sauro ba, kina buɗe ƙofa za ki gan ta."

"Wa ka nuna wa hoton?"

"Wani maharbi ne na Guri, mutumin kirki. Yana ganin goribar ya ce ya san wurin. Bai ji mata ciwo ba ko kaɗan, na gargaɗe shi."

"Na ce maka kada ka nuna wa kowa."

"Ai mutum ɗaya ne."

"Ka san tana kan ƙwai?"

Ya ce, "Ban sani ba. Amma ba matsala, sai in sa ya koma ya kwaso ƙwan, a sa wa talo-talo ta ƙyanƙyashe."

Masu karatu, ku gaya min, da me zan amsa wannan? Na tsaya ina kallon mutumin da na ce zan aura, na ga ko alama bai san abin da ya yi ba. Da mugunta ce ma da ta fi min sauƙi. Shi tsakaninsa da Allah jira yake in yi godiya.

Na ce, "Abdulmannan, ni na ce maka ina son ta, ban ce ina son ta a ɗaure ba. Haka kake sona ni ma? Ka sa a kamo ni daga inda nake jin daɗi, ka ɗaure a bishiya, ka zuba min dawa?"

Fuskarsa ta canza. "Kin san wahalar da na sha kuwa? Har fukafukan na sa aka rage mata don kada ta gudu ta bar ki da baƙin ciki."

Na koma da gudu na ɗaga fiffikenta. Dogayen gashin nan da take tashi da su, an bi su da almakashi an yanke a jere. Nan ne hawaye ya zo min, ba na tausayi ba, na tsabar takaici. Na tsane shi a wannan lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Na tsani shaddar, na tsani turaren, na tsani yatsana da ya tura hoton.

Baba ya shigo tsakar gida, matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baba dillalin bandar kifi ne, mutum mai sanyin magana, amma in ya kira cikakken sunanka ka san an zo wajen.

"Ummussalma."

"Na'am Baba."

"Me kike shirin yi da igiyar nan?"

"Mayar da ita zan yi, Baba. Mijinta yana can shi kaɗai a kan ƙwai tun jiya bai ci komai ba. In ya tashi, shi ke nan."

"Mijinta." Baba ya maimaita kalmar a hankali. "Kina tausayin mijin tsuntsuwa, kina tozarta naki a gaban mata. To ki saurara. Wannan ba kyautar zance ba ce da za ki ce ba kya so. Ni aka kawo wa, ni na karɓa, na yi addu'a a gaban mutane. A garin nan in aka fitar da abin da mai neman aure ya shigo da shi, kin san abin da ake nufi. Maganarsa aka mayar masa. Kina so a ce na karɓa jiya na mayar yau?"

"Baba ai ba tasa ba ce balle ya bayar. Doka ma ta hana."

"A gidana za ki karanta min doka?"

Abdulmannan daga bakin zaure ya ce, "Baba ƙyale ta, zafin rana ne. In ta huce za ta gane." Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Baba ya gyara rigarsa ya ce, "Za mu tafi masallaci. In dawo in tarar da ita inda na bar ta."

Suna fita na tsaya ina jin ƙarar motar har ta ɓace. Sannan na tuɓe safata ɗaya, na zura wa gaurakar a ka yadda Anti Jumai ta koya mana, don in ba ta gani takan natsu. Na naɗe mata ƙafafu a hankali, na janyo wani zane daga kan igiya na lulluɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, zuciyarta kawai nake ji tana bugawa a jikin haƙarƙarina.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannu. "Ummu, ki rufa min asiri. Kina fita da ita aurenki kika fitar. Me zan ce wa danginsa? Me zan ce wa Babanku? A kan tsuntsu?"

"Inna ki matsa don Allah."

"Ba ki da kunya. Wallahi bokon nan bai amfane ki da komai ba."

Muka tsaya muna kallon juna. Idonta ya ciko. Can ta sauke hannu ɗaya, ta juya fuskarta ga bango ta ce, "Zanen nan nawa ne. Ki tabbata kin dawo min da shi."

Ban bi ta tasha ba, kada a tara min jama'a. Ɗan acaɓa na samu ya yarda ya kai ni har can. Hanyar damina kun san ta, nan laka, nan ruwa, wani wurin sai na sauka na taka da ƙafa ina rungume da ita. Wayata tana ta ruri a jaka ban duba ba.

Bayan la'asar na isa. Anti Jumai tana bakin ruwa ita da Malam Umara. Ta kalli ƙunshin da ke hannuna, ta ga dogon wuyan da safa a kai, ta kalle ni.

"Daga ina?"

"Daga gidanmu, Anti." Na faɗa mata komai a tsaye, hoton, goribar, almakashin. Ban rage komai ba.

Ta buɗe fiffiken ta duba, ta rufe. "Ke," ta ce, "da bakinki kika ce min to."

"Na ce, Anti."

"Shiga jirgi. Ba na son jin muryarki."

Malam Umara ya tura mu cikin ciyawar kacalla. Ina ta addu'a a zuci, Allah ka sa bai tashi ba. Da muka matso sai muka ji kiran, ya dushe, ba kamar na jiya ba. Yana nan a kwance. A gefen sheƙar kuwa ga ɓawon ƙwai ɗaya a fashe, ƙudaje na bi. Ya tashi ke nan ko sau ɗaya, wani abu ya shanye kafin ya dawo.

Muka tsaya nesa kaɗan inda ruwa bai kai gwiwa ba. Na sauka, na kwance zanen, na zare safar. Ta yi taga-taga, ta buɗe fukafukai za ta tashi, suka ƙi ɗaukarta. Ta sake gwadawa, ta faɗa ruwa. Na toshe bakina da hijabi. Sai namijin ya yi kira, ta miƙe ta amsa, ta fara takawa cikin ciyawa da ƙafa, a hankali, har ta isa. Ya tashi, ƙwai biyu suka bayyana. Ta sa baki ta juya su, ta kwanta a kai. Shi kuwa ko nisa bai yi ba ya hau cin ciyawa kamar zai haɗa da laka.

Na juyo ina share fuska, na cire madubin daga wuyana na miƙa wa Anti Jumai, don na san aikina ya ƙare. Ba ta karɓa ba.

"Wa za ki bar wa?" ta ce. "Tsuntsuwar nan ba za ta tashi ba sai sabon gashi ya fito, kuma wannan ba yau ba ne, ba gobe ba. Kare zai iya kama ta, kuma maharbinku ya riga ya san hanya. Ke kika jawo, ke za ki yi gadi. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kina nan. Ba Juma'a, ba zuwa gida. Kada ki ɗauka na yafe miki."

Da muka fito na hau tudun nan, zanen Inna a kafaɗata duk laka. Saƙonni suka yi ta shigowa. Na Abdulmannan na farko cewa ya yi, "Kin kunyata ni a garin nan." Na biyu, "Kawunnaina suna hanya." Ban buɗe sauran ba. A ƙasa akwai saƙon murya daga lambar Baba, shi da bai taɓa tura min saƙon murya ba. Na danna, na kara a kunne.

"Ummussalma. Mutanen yaron nan suna zaune a zaurena. Ki dawo da abin da kika ɗauka kafin magariba. In ba haka ba, ki zauna can tare da ita."

Na sauke wayar. Daga nan inda nake ina hango kan goribar, rana ta riga ta sauka bayanta. Ban gama mayar da wayar jaka ba ladanin ƙauyen da ke kusa ya ɗaga murya.